Kamu Ba Kisa Ba Ne

Duk wanda ya bi hanyar Zariya daga Kano a tsakiyar rani, da zarar ya haye gadar Tamburawa ya doshi Kura, zai ga abin da mutanen da can ba su taɓa gani ba a irin wannan lokaci, watau ƙasa kore shar dama da hagu, alhali kuwa rabonta da ruwan sama ya fi wata huɗu. Tushen wannan ni'ima madatsar ruwa ta Tiga ce, wadda aka gina a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka tsara ta riƙe ruwa kusan mita-kubik biliyan 2. Daga jikinta aka jawo babbar hanyar ruwa, wadda ta gangaro ta rarrabu ƙanana-ƙanana cikin ƙasashen Bunkure da Garun Malam da Kura. Hekta 22,000 aka ƙudura shayarwa a kashin farko na aikin, sa'an nan a 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda ragamar aikin ta koma hannunta.

An sha yabon ruwan nan, kuma ya cancanci yabo. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, tun ranar da ya iso ƙasa ta daina hutawa. A da gona takan kwanta daga kaka har bazara, shanun Fulani su kwana a cikinta, jakai su kawo mata takin gida. Yanzu kuwa ana kwashe shinkafar damina za a zuba alkama ko tumatir ko albasa, ana kwashe su kuma a koma wa shinkafa. Ƙasar da ake tatsa sau biyu, wani lokaci sau uku a shekara, ba ta miƙewa sai da takin buhu.

Akwai wani dattijo a wani ƙauye na ƙasar Bunkure, wanda yana matashi aka zo da motocin haƙa aka tsaga gonar mahaifinsa gida biyu domin hanyar ruwa ta wuce. Tun daga lokacin yake noman rani, har ya san halin takin zamani kamar yadda ya san halin 'ya'yansa. A wurinsa yuriya taki ne mai gaskiya, domin ana zuba shi, kafin mako ya zagayo ganye ya yi duhu. Kamfa ma ba laifi. Amma sufa, watau takin nan mai ruwan toka da aka fara yi a masana'antar Kaduna a 1976, ya daɗe yana zarginsa. Yakan ce rabin buhu na shuka ne, rabi kuwa sadaka ce ga ƙasa, don ita take cinye shi. Dattijon nan bai shiga aji ba, amma dai bai yi ƙarya ba. In ma an bi diddigi, sassauci ya yi wa ƙasar. Masana aikin gona sun tabbatar da cewa a shekarar farko shuka ba ta cika samun fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na sinadarin fosforas da aka zuba mata ba. Sauran yana nan a gonar, ba ruwa ne ya tafi da shi ba, ba kuma iska ba. Kama shi aka yi. Ƙasar wannan sashe, musamman inda ta yi ja, tana ɗauke da ƙarfe da alminiyam, su kuwa da sun haɗu da fosforas sai su rungume juna, rungumar da saiwa ba ta iya rabawa cikin sauƙi.

Autan dattijon nan ne ya tafi jami'a a Kano ya karanta ilmin sinadarai, a can kuwa ya tarar da cewa rungumar da take ɓata wa mahaifinsa rai, wasu mutane a duniya nemanta suke yi ido rufe. Hujjarsu mai sauƙi ce. Idan ƙarfe yana iya kama fosforas a cikin ƙasa, ashe fosforas ma yana iya kama ƙarfe a cikin ruwa. Abin da ya rage kawai shi ne a ɗaure shi a jikin wani abu da ba ya narkewa, yadda in ya yi kamu za a iya ɗaga shi tare da abin da ya kama. Ƙugiya ce dai, ita kuwa ƙugiya a sake cikin kogi ba ta tsinana wa masunci kome, sai an ɗaura ta a igiya.

A nan ya kamata a ɗan dakata a warware kalmomi, domin Bahaushe in ya ji an ce ƙarfe a ruwa, abin da zai faɗo masa a rai shi ne ƙusa a gindin rijiya. Ba ita ake nufi ba. Kamar yadda gishiri yake ɓacewa a miya, ido bai gan shi ba amma harshe ya shaida, haka dalma da jan ƙarfe da tutiya da danginsu suke narkewa a ruwa, su tarwatse su zama ƙwayoyin da babu rariyar da za ta tare su. Kowace ƙwaya tana ɗauke da cajin lantarki irin na kan batir mai alamar tarawa, kuma masana suna kiranta ayon. Dukawan Kano sun daɗe suna aiki da ayon ba tare da sun san sunansa ba. Fatar da aka jeme da bagaruwa, in aka shafa mata ruwan da aka jiƙa kashin maƙera a ciki, wanda suke kira kuloko, nan take sai ta yi baƙi ƙirin. Ƙarfen da ya narke a ruwan ne ya haɗu da sinadarin bagaruwa, suka riƙe juna.

Shi kuwa fosforas ba ya zama shi kaɗai, kullum kewaye yake da ƙwayoyin oksijin, waɗanda suke ɗauke da caji mai alamar ɗebewa. Tarawa da ɗebewa jan juna suke yi. Abin da ya ƙara wa wannan ja ƙarfi shi ne, ba da hannu ɗaya ake riƙon ba, oksijin biyu ko fiye ne sukan damƙe ƙwayar ƙarfe guda daga sassa dabam-dabam. Wasu masana biyu na Ingila, Morgan da Drew, su suka raɗa wa irin wannan riƙo suna a 1920, suka aro wata kalmar Girkanci mai nufin hannun ƙaguwa. Duk yaron da ya taɓa tura yatsa a ramin ƙaguwa a bakin kogi ba ya bukatar ƙarin bayani.

Igiyar da ake ɗaura ƙugiyar ita ce polima. Kalmar baƙuwa ce, amma abin ɗan gida ne. Polima dai sinadari ne da aka yi da ƙwaya iri ɗaya, an jera ta dubu bisa dubu kamar carbi. Zaren auduga polima ne, haka ƙaro, haka sitacin rogo, haka ledar nan da ta addabi gonaki. Kai, har sinadarin gado da yake jikin kowane mai rai, wanda ta hanyarsa ɗa yake ɗauko kamannin ubansa, doguwar sarƙa ce wadda fosforas yake haɗa kowace gaɓa da 'yar'uwarta. Watau Mahalicci ya riga kowa ƙera polima mai fosforas. Ɗan Adam ma bai san da fosforas ɗin ba sai a 1669, lokacin da wani Bajamushe mai suna Hennig Brand ya yi ta dafa fitsari a birnin Hambag yana neman zinariya, ya ɓuge da wani farin abu mai haske a duhu.

Abin sha'awa kuma shi ne, wannan fanni gaba ɗaya daga taki ya faro. A 1850 wasu mutum biyu a Ingila, Thompson da Way, suka lura cewa in an tsiyaya ruwan taki ta cikin ƙasa, ƙasar takan riƙe amoniya ta saki kalsiyam a madadinsa. Musaya ke nan, ba ni gishiri in ba ka manda. A 1935 Adams da Holmes suka ƙera roba ta farko mai yin irin wannan musaya. Daga baya aka gane cewa in fosforas aka dasa a jikin robar, takan riƙe wasu ƙarafa da ƙarfin gaske, ko da ruwan yana da tsami. A farkon shekarun 1990 masana na cibiyar bincike ta Argonne da na Jami'ar Tennessee a Amurka suka fito da wata mai suna Diphonix, mai fosforas biyu-biyu a kowane hannu, wadda aka yi amfani da ita wajen tsamo yuraniyam daga gurɓataccen ruwa.

Hanyoyin ƙera irin wannan roba ba su da yawa. Ko dai a sami ƙwayoyin da tun asali suna ɗauke da fosforas a jera su su zama sarƙa, ko kuwa a sami sarƙar da ta riga ta haɗu a bi ta ana dasa mata. Masana'antu sun fi bin hanya ta biyu. Sukan yi 'yan ƙwallaye na roba waɗanda ba su kai ƙwayar gero ba, a haɗa su da wasu sinadarai masu haɗari na fosforas, a dafa, a wanke, har kowace ƙwallo ta cika da hannuwa ciki da waje. Sai a cika dogon bututu da su, a tsiyaya ruwa ta sama, ya fito ta ƙasa ya baro ƙarfensa a baya. In ƙwallayen sun ƙoshi a wanke su da asid, su saki abin da suka kama, a sake aza su a bakin aiki. Aibinsu ɗaya a wurin mutumin Kano, daga ƙasashen waje suke zuwa, kuma da dala ake cinikinsu.

To, ina ruwan manomin Kura da wannan duka? Gaskiya ne ruwan Tiga bai ratsa masana'anta ba kafin ya iso gonarsa, kuma ta wannan fuska ya fi maƙwabcinsa na bakin Kogin Challawa sa'a. Can majemun zamani na Challawa da Sharaɗa sun bar bagaruwa sun koma jima da kuromiyam, ruwan da suka zubar kuwa kogi yake nufa, kogin da yake haɗuwa da Kogin Kano a wajen Tamburawa, wanda masu lambu suke ja da injin ban-ruwa suna shayar da kayan miya. Amma ko gonar da take sha daga Tiga tana da ƙofofi biyu da baƙon ƙarfe yake shigowa ta cikinsu, kuma manomi da kansa yake buɗe su da kuɗinsa.

Ƙofa ta farko sharar birni ce. Tsohuwar al'ada ce a karkarar Kano a kwaso taki daga birni a kai gona, kuma ita ce sirrin da ya sa ƙasar kewayen birnin ta yi ɗaruruwan shekaru ana noma ta ba ta gaji ba. Sai dai sharar jiya toka ce da kashin awaki da ɓawon gyaɗa. Ta yau kuwa akwai mataccen batir a cikinta, da guntayen rediyo da wayar hannu, da fitilun nan na caji masu ɗan batir na dalma a ciki. Jaki ya zama tifa, al'ada tana nan, kayan ne suka sāke.

Ƙofa ta biyu ta fi ban takaici, domin buhun takin ne kansa. Daga dutse ake samun fosforas, kuma galibin dutsen a ƙarƙashin tsohon teku ya kwanta, irin na Togo da Senegal da Maroko, da ma wanda yake wajen Dange da Shuni a ƙasar Sakkwato. Wannan hali nasa na kama ƙarfe bai bar shi ba tun yana can. Cikin shekaru aru-aru ya tara wani ƙarfe mai suna kadmiyam, wanda yakan biyo shi har cikin buhu. Dutsen da ya fito daga aman wuta, kamar na arewacin Rasha da na Afirka ta Kudu, nasa bai taka kara ya karya ba. Abin da yake cikin buhu guda ɗan mitsitsi ne ƙwarai, amma gona ba buhu guda take ci ba, kuma kadmiyam in ya shiga ƙasa ba ya gaggawar fita. Saboda haka ne Tarayyar Turai ta kafa doka a 2019, ta ƙayyade cewa kada ya wuce miligiram 60 a kowane kilo na sinadarin fosfet da yake cikin taki.

Dalilin da ya sa wannan ya shafi Kura fiye da wasu wurare shi ne shinkafa, domin tana cikin hatsin da suka fi zuƙar kadmiyam. A jikin mutum kuwa ƙoda yake nufa, ya zauna shekara goma har zuwa talatin kafin rabinsa ya fita. Mutanen Toyama a ƙasar Jafan su suka fara biyan kuɗin wannan karatu. Manoman shinkafa ne masu ban-ruwa daga Kogin Jinzu, a saman kogin kuwa akwai mahaƙar tutiya ta Kamioka. Shekara da shekaru suna cin shinkafarsu, sai mata, musamman dattijai da suka hayayyafa, suka fara ciwon ƙoda, ƙasusuwansu suka yi laushi har tari yana karya haƙarƙari. Sunan da aka sa wa cutar, itai-itai, kukan masu ita ne, kamar a ce wayyo-wayyo. Sai a 1968 gwamnatin ƙasar ta amince cewa kadmiyam ne sanadi, aikin sauya ƙasar gonakin kuwa bai kammala ba sai a 2012. Ba wanda ya ce Kura Toyama ce. Gubar mahaƙa dabam, ɗan abin da yake cikin taki dabam, tsakaninsu tafiya ce mai nisa. An dai kawo labarin ne domin ya nuna yadda irin wannan cuta take tafiya, ba tsami a ruwa, ba ɗaci a tuwo, ba wanda ya faɗi a gona. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar kadmiyam a ruwan sha miligiram 0.003 a lita, ta dalma kuwa 0.01, harshe ba ya jin wannan.

Da lokacin aikin binciken shekarar ƙarshe ya zo, autan dattijon nan bai nemi ƙwallayen waje ba. Guntun gatarinka, in ji Hausawa, ya fi sari ka ba ni. Duk wanda ya san Kura ya san tsibin ɓuntun shinkafa a bayan injinan casa. Shi ɓuntu kuwa kaso mai yawa na jikinsa selulos ne, watau polimar nan ta zaren auduga, igiya ce da aka riga aka tufka, ƙugiya kawai take jira. Yaron ya wanke shi ya shanya, ya niƙa, ya jiƙa shi cikin asid na fosforas haɗe da yuriya, sa'an nan ya gasa shi a tanderun ɗakin gwaje-gwaje a zafin da ya kai wajen digiri 150. A wannan zafi yuriya takan narke ta buɗe jikin zaren, fosforas ya shiga ya kafu. Daga nan sai wanki, wanki kuma ba na wasa ba, har sai ruwan da yake fita ya daina tsami. Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun shekarun 1940 ake yi wa yadin auduga haka don kada ya kama da wuta. Amma akwai wani abu a cikinta da zai sa ɗan manomi murmushi, domin kayan haɗin biyu duk dangin buhun mahaifinsa ne. Da ɗan gari akan ci gari.

Da hutu ya zo ya taho gida da garin ɓuntun a leda, da kwalbar ruwan gishirin jan ƙarfe, mai launin shuɗi bau. Ya zaɓi jan ƙarfe ne don ido yana ganinsa. Kadmiyam da dalma ba su da launi a ruwa, kuma ba abin yawo da su cikin gida ba ne. Bayan la'asar, a zaure, ya zuba garin cikin kwalbar ya girgiza, ya ajiye. Can an jima ya tace da ƙyalle. Ruwa ya fito kusan garau, garin kuwa ya rine ya koma shuɗi-shuɗi. Yara suka yi ta sowa. Dattijon ya ɗauki kwalbar ya ɗaga ta sama ya duba, ya ajiye, sa'an nan ya ɗauki ƙyallen.

Ya ce, "Auta, yanzu gubar ta mutu ke nan?"

Yaron ya ce, "A'a, Baba, ƙarfe ba ya mutuwa. Tana nan cikin ɓuntun."

"To, shi ɓuntun fa, ina za ka kai shi?"

Wannan tambaya ita ce gaɓar maganar, kuma sau da yawa takardun bincike sukan yi mata tsallaken baɗake. Sukan faɗi yawan abin da giram guda ya kama, da mintin da ya ɗauka, su rufe littafi. Wani ɓangare na laifin na harshe ne, kuma nan ne abin ya shafi masu nazarin Hausa. Da an ce wa Bahaushe ga maganin guba, kalmar magani ta riga ta yi masa alkawarin da sinadarin ba zai cika ba. Ya saba da maganin ƙwari mai kashewa, da maganin da ake sa wa ruwan famfo mai kashe ƙwayoyin cuta. Waɗancan masu rai ne, suna mutuwa. Gubar feshi ma rana da ƙasa sukan farfasa ta a hankali. Amma dalma dalma ce, a dafa ta, a ƙona ta, a binne ta, a tono ta bayan shekara dubu. Hausa kuwa ba ta rasa kalmomin da suka dace ba: kama, riƙe, damƙe, ɗaure, tsare. Duk cikinsu babu mai nufin kisa, kuma duk suna tilasta wa mai ji ya tambaya, a ina, har yaushe, wa yake gadi. Mai fassara da ya ce polima tana tsare ƙarfe ya faɗi gaskiya. Wanda ya ce tana maganinsa ya yaudari manomi ba da gangan ba.

A Kura amsar tambayar dattijon sananniya ce. Ɓuntu makamashi ne wajen turara shinkafa, shimfiɗa ne a ɗakin kaji, tokarsa da kashin kajin kuwa gona suke komawa. Ɓuntun da ya sha guba in ya bi wannan hanya, an tattaro abin da yake warwatse ne an kai shi gindin shuka, ƙaiƙayi ya koma kan masheƙiya. Inda dabarar take da riba sosai shi ne inda ƙarfen da aka kama yake da mai so. Majemi in ya tsamo kuromiyam daga ruwansa, zai mai da shi gangar jima ya rage sayen sabo. Kadmiyam da dalma kuwa sai an haɗa su da siminti ko an rufe su a ramin da ba ya yoyo. Mutanen Zamfara sun ga wannan da idonsu. A 2010 ƙurar dutsen zinariya mai dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Maganin da likitoci suka ba waɗanda suka rayu shi ma mai hannun ƙaguwa ne, sai dai nasa hannun na farar wuta ne. Yakan kama dalmar a jini ya fita da ita ta fitsari. Amma ba a iya fara shi a Bagega ba sai a 2013, bayan an kankare ƙasar gidaje an binne, domin yaron da aka wanke wa jini in ya koma rarrafe a ƙasar da ta sa masa ciwon, an yi aikin baban giwa.

Akwai kuma wasu iyakoki da yaron ya sani, ko da yake bai faɗa a zaure ba. Ƙaguwa ba ta tambayar sunan yatsa. Ruwan kwalba tsaftatacce ne, ƙarfe iri ɗaya ne a cikinsa. Ruwan rijiya da na kogi kuwa cike suke da kalsiyam da baƙin ƙarfe, waɗanda suka fi gubar yawa nesa ba kusa ba, su za su cika hannuwan tun kafin a zo kanta. Baƙin ƙarfe ma in ya kama da wuyar saki, ko da asid. Wani nau'in kuromiyam, wanda ya fi kowane illa, cajinsa na ɗebewa ne, sai ya wuce ta gaban fosforas ko kallo bai ishe shi ba. Laka tana toshe bututu. Babbar hanyar ruwa kuwa ba abin tacewa ba ce, ko da duk ɓuntun Kano aka tara. Wurin wannan dabara bakin bututun masana'anta ne, inda ruwan yake kaɗan gubar take da yawa, kafin ya faɗa kogi. Daɗin daɗawa, garin da ba a wanke sosai ba fosforas zai riƙa zubarwa, shi kuwa abinci ne ga kachala, ciyawar nan da ta riga ta shaƙe hanyoyin ruwa daga nan har Haɗeja da Nguru.

Mahaifiyar yaron ma tana da hannu a wannan ilmi, ko da yake ba a kira ta zaure ba. Kowace ƙwayar gero da dawa da shinkafa tana ajiye wa tsironta guzurin fosforas, cikin wani sinadari mai suna fayitet, mai fosforas shida a kewaye da zobe guda. Ƙaguwa ce mai hannu shida, kuma a cikin hanji takan riƙe baƙin ƙarfe da tutiya da kalsiyam na abinci, ta hana jiki samu, abin da yake ƙara wa mata da yara ƙarancin jini. Jiƙa hatsi, da barinsa ya yi tsami, da tsirar da shi, duk suna tayar da wani sinadari da yake yanke hannuwan nan ɗaya bayan ɗaya. Matar da ta jiƙa gero ta kwana, ta kai markaɗe, ta tace, ta bar shi ya kwanta ya yi tsami kafin ta dama koko, kwance ɗauri take yi. Wani ikon Allah, abin da ta samu a ƙarshen wannan sakin sunansa kamu.

Abin da dattijon ya ɗauka daga hirar ba shi da alaƙa da ɓuntu. Ɗansa ya gaya masa cewa shinkafar da take tsaye cikin ruwa ba ta cika zuƙar kadmiyam ba, domin a ƙasar da ruwa ya rufe farar wuta takan ɗaure shi. Sai fadama ta tsotse iska ta shiga yake kwancewa. Shi ya sa ake umurtar manoman Jafan su bar ruwa a gona makonni kafin fitar kai da makonni bayansa. Ya gaya masa kuma cewa yawan yuriya yana ƙara wa ƙasa tsami, tsami kuwa yana sakin ƙarfe. Maganar ruwa dattijon ya ji ta da kunnen basira, amma ya yi dariya, domin gonarsa a wutsiyar hanyar ruwa take, sai na gaba sun ƙoshi yake gani.

Shara dai tana hannunsa. Da rani ya yi ya sayi tifa guda kamar kullum, amma kafin a watsa ya sa jikokinsa suka bi tsibin da itace suna tsince batura. Sun cika tsohon bokiti har ya yi tozo. Shuɗin ɓuntun nan yaron ya juye shi a kwalba mai murfi, ya manna mata takarda, ya koma da ita makaranta. Bokitin kuwa yana bayan rumbu, an kife masa tasa an ɗora dutse saboda awaki, kuma duk wanda ya zo daga birni sai dattijon ya tambaye shi ko ya san inda ake karɓar irin waɗannan.